Lamba Saba'in da Huɗu

Daren da na ce wa Koci Hargrove zan tafi
bai ɗago kai daga allon dabarunsa ba.
Ya ce, "Lemarcus, mutum dubu tamanin ke kiran sunanka ran Asabar.
Can wa ya san ka? Rabin kujerunsu iska ce ke zama."
Na ce na sani.
Na ajiye hular kwano a kan benci,
gumin shekara biyu bai gama bushewa cikinta ba.

Ba don gwiwa ba ce,
ko da yake takan yi mini magana in hadari ya haɗo.
Don Kawu Roscoe ne,
wanda ya fara ɗaura mini sulke a bayan cocinmu a Alabama,
wanda a zamaninsa yake watsar da ƙarti kamar buhunan auduga.
Bara na same shi a ƙofar shagon aski da makulli a hannu
yana cigiyar motar da ya sayar tun ina aji uku.
Ya dube ni da fara'ar da ake yi wa baƙo,
ya ce, "Samari, ɗan gidan wa?"

Kwana biyu muka yi a hanya, ni da yayata Odessa,
akwati ɗaya, da kaza soyayya cikin takarda.
Muka iske jan bulo da ya girmi kakan kakana,
ganye ya hau shi har wuya,
sunayen matattu masu kuɗi a goshin kowace ƙofa.

Kujerar aji ta ƙi ni.
Na zauna a karkace, cinya ɗaya a waje.
Wani yaro mai gyale ya tambaye ni da ladabi
ko ni ne aka turo gyaran na'urar ɗumama ɗaki.
Jarrabawar farko, hamsin da ɗaya.
Na ninke takardar sau huɗu,
na tura ta cikin takalmi, na taka ta har fili.

A nan ba mai ce maka huta, mun san ka gaji.
Ƙarfe biyar na asuba ina ture ƙarfe cikin dusar ƙanƙara,
ƙarfe tara Farfesa Lindqvist na jira da alli,
ba ta san ko mun ci ko an ci mu ba,
kuma ba ta tambaya.

Ran Laraba ta ɗora mini gilashi a tafin hannu:
yankin ƙwaƙwalwa, siriri kamar ɓawon albasa.
Ta ce, "Duba ɗigon nan masu ruwan ƙasa."
Hannun da ke tare mutum mai nauyin firji
sai ga shi yana rawa.
Na duba. Na daɗe ina dubawa.
Ina neman inda mota take ɓacewa,
inda sunan ɗan ƙanwa yake zubewa.

Asabar ta zo, 'yan kallo ba su cika dubu uku ba,
wani ma littafi ne buɗe a cinyarsa.
Muka jeru, muka sunkuya, fili ya yi tsit,
sai na ji abin da dubu tamanin suka hana ni ji shekara biyu:
muryar Odessa ita kaɗai,
"Saba'in da huɗu! Ka ci abinci kuwa?"

Da dare na kira gida.
Kawu ya ce, "Kun ci?"
Na ce, "Mun sha kashi, Kawu."
Ya yi dariya. "Ka riƙa ɗaga kai in za ka yi karo, ka ji?"
Ban san ko ni yake gaya wa ba,
ko wani yaro na shekara talatin baya.
Na ce to.

Gobe akwai atisaye.
Ba zan yi ƙarya ba, har yanzu ina son ƙarar karon.
Hular na rataye a ƙusa, littafin na buɗe a shafi na casa'in,
ni kuma ina tsakani, da ƙanƙara a gwiwa.